Yadda muka gyara kwalekwalen ƙungiyarmu kafin damina

Kwalekwalen da ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai ke ajiyewa a ɓangaren Weija, a yammacin Akra ta ƙasar Ghana, ya sha bamban da na masuntan Jamestown da Chorkor, waɗanda ake fafe ƙasansu daga gungume guda na itacen da ake kira wawa sannan a ɗora katako a gefe. Namu na katako ne tun daga ƙasa har leɓe, ƙasansa shimfiɗaɗɗe, tsawonsa mita 5.5, faɗinsa a tsakiya mita 1.5, da haƙarƙari 11 a ciki. Aikinsa shi ne duk lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsar Weija, ruwan kogin Densu ya malalo cikin unguwannin Tetegu da Oblogo, a fito da tsofaffi da yara da ɗan abin da ya samu na kaya. Mun yi gyaran ne daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Maris, ranakun Asabar da Lahadi, daga bayan asuba zuwa azahar, a ƙarƙashin wani dattijo da muke kira Baba kafinta, wanda ya daɗe yana aiki tare da masu gyaran kwalekwale a bakin ruwan Jamestown.

Kafin a taɓa zarto sai an zaunar da jirgin daidai. Muka wanke shi da burushi, muka kwashe laka da yashin da suka maƙale a kusurwoyi, sannan muka ɗora shi kan katako uku masu kauri da aka gitta a kan bulo, ɗaya a tsakiya, biyu kuma kowanne tazarar mita ɗaya daga ƙarshe. Dalili shi ne da zarar an fara cire katako jirgi yakan saki jiki ya murɗe, kuma duk siffar da yake ciki ranar da aka buga sabon katako, da ita zai zauna har ƙarshen rayuwarsa. Aka ja igiya daga hanci zuwa tsakiyar allon baya, aka auna daga hanci zuwa kusurwar baya ta dama da ta hagu. Namu ya nuna bambancin santimita 3. Da weji muka yi ta ɗaga kusurwar da ta sauka har bambancin ya koma ƙasa da milimita 5, sannan aka buga sanduna uku daga leɓe zuwa leɓe don su riƙe faɗin. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba, domin duk wanda ya kalli jirgin kafin awo cewa ya yi a miƙe yake. Muka bar shi a inuwar rumfa mako uku ya sha iska. Rana da iskar hunturu suna tsaga wawa idan ya bushe da gaggawa, ko da yake hunturun Akra bai kai na arewa tsanani ba.

Binciken ɓarna da ƙaramar guduma da sukundireba da alli ake yin sa, taku bayan taku. Lafiyayyen katako yana amsa guduma da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi dum kamar an bugi buhun gari. A kusurwar baya ta hagu akwai wani faci na faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da gam, da aka taɓa liƙawa, yana ta sheƙi, ba tsaga ko ɗaya a jikinsa. Wani matashi ya ce, "Baba, nan ai lafiya lau yake." Baba ya miƙa masa sukundireba ya ce, "Ɗana, shiga ciki ka soka daga can." Ƙarfen ya nutse har mariƙi ba tare da an danna ba, wani ruwa ja-ja ya biyo shi da warin ruɓaɓɓen ganye, katakon kuma yana fitowa guntu-guntu mai kusurwa huɗu kamar gawayi.

Wurin nan ya kamata duk mai jirgin katako ya tsaya ya fahimta, domin daga nan kusan duk ɓarnar ta taso. Ruwan da jirgi ke yawo a kansa ba shi da laifi sosai. Katakon da ya nutse gaba ɗaya ba ya samun iskar da ruɓa ke buƙata, gishirin teku kuma yana rage mata ƙarfi. Ruwan saman da ke kwana a cikin jirgi shi ne mai kisa. Ƙwayar da ke ruɓar da itace tana kama aiki ne idan danshin katako ya haura kashi 20 cikin ɗari kuma akwai iska da ɗumi, kuma dukkansu Akra na da su a wadace. An daɗe ana ajiye jirgin namu a buɗe, bayansa ya ɗan sunkuya, haƙarƙarinsa kuma ba su da hanyar da ruwa zai bi ya wuce, sai kowane tsakanin haƙarƙari biyu ya zama ƙaramin tafki. Facin faiba ya ƙara dagula al'amarin. An shafa shi ne a kan katako mai danshi, bai kama sosai ba, katako yana kumbura yana tsukewa shi kuwa ba ya motsi, sai suka rabu a ɓoye. Ruwa ya shiga ta ramin ƙusa, ya rasa mafita.

Ban da ruɓa mun tarar da ciwon ƙusa: baƙin zobe a kewayen kowace ƙusar ƙarfe, inda tsatsa ta cinye ƙusar ta kuma laushe katakon da ke riƙe da ita. A katakon wawa na gefen jirgin akwai ƙananan ramuka da wani gari mai laushi ke zuba daga cikinsu, aikin ƙwaron katako ke nan. A ƙasan jirgin kuma akwai 'yan ramukan tsutsar ruwan gishiri, wadda bakin raminta ƙarami ne kamar na allura amma a ciki ta yi hanya mai farin rufi. Da aka gama zagayawa da alli, abin da za a cire ya kama haƙarƙari 4, allon baya gaba ɗaya, mita 2 na ƙarshen katakon ƙasa guda biyu, da katakon gefen hagu na can ƙasa daga hanci har baya. Ƙa'idar da muka bi ita ce a wuce inda ruɓa ta tsaya a ido da santimita 30 kafin a yanka, saboda jijiyoyinta sukan riga launinta isa wuri.

A Kasuwar Timba muka sayi katako. Itacen odum muka zaɓa don duk abin da zai zauna a jiƙe, saboda yana jure ruɓa da gara. Wawa bai da wannan juriya ko kaɗan, amfaninsa rashin nauyi: busasshen odum yana kai kusan kilo 650 a kowace kubik mita (mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi), wawa kuwa bai kai 400 ba, jirgin da mutum shida za su ɗauka a kafaɗa cikin dare kuma dole a yi masa lissafin nauyi. Saboda haka katakon sama na gefe muka bar su a wawa. Wajen zaɓe, a dubi ƙarshen katako. Wanda layukan shekarunsa suka tsaya a tsaye ya fi wanda suka kwanta, domin kumburinsa a faɗi bai kai na kwantaccen ba kuma ba ya lanƙwashewa kamar kwano. A guji farin gefen odum, ɓangaren da ke kusa da ɓawo, don shi ba ya jure komai. A kuma sayi kauri da rara: wanda ke son milimita 25 bayan gogewa ya sayi inci ɗaya da kwata, domin abin da ake kira inci ɗaya a kasuwa idan ya bi ta injin gogewa da wuya ya wuce milimita 22. Aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta kawo mana su, muka jera a inuwa, tsakanin kowane katako da na samansa an sa 'yan sanduna masu kaurin santimita 2 a tazarar rabin mita, aka shafa fenti a bakunan don kada su tsage, aka danne saman da bulo.

Ba mu da na'urar auna danshi, sai muka yi amfani da sikelin kicin. Aka yanki guntu mai tsawon santimita 30 daga jikin katako ɗaya, aka rufe bakunansa da fenti, aka cusa shi cikin jerin, ana auna shi duk Asabar ana rubutawa a jikinsa. Ranar da nauyin ya tsaya cak mako biyu a jere, katako ya daidaita da iskar wurin. Namu a mako na bakwai ya tsaya.

Yayin wannan jira muka yi haƙarƙari, da tsohon odum na firam ɗin ƙofofi da aka ciro daga wani gida da aka rushe. Irin wannan ya bushe tuntuni, sai dai a bi shi da maganaɗisu kafin a sa masa filen, saboda ɓoyayyun ƙusoshi. Kowane haƙarƙari guntu uku ne na inci 2 da 3: na kwance a ƙasa da na tsaye biyu, an haɗa su a kusurwa da rabin sassaƙa da noti biyu na milimita 8. Ba a cire haƙarƙari biyu da ke maƙwabtaka a lokaci ɗaya. A cire ɗaya, a mayar da sabonsa, sannan a tsallaka. Ba a kuma ɓanɓare katako da ƙarfi; ana zura ruwan zarton ƙarfe tsakanin katako da haƙarƙari a yanke ƙusoshin, a buge guntayen su fita, a faɗaɗa ramin zuwa milimita 8 a toshe shi da tsinken odum da aka tsoma a gam. Siffar kowane haƙarƙari a kan filawud muke fara fitar da ita a gwada a wurin, domin wajen hanci da wajen baya fuskar da ke jingina da katako a karkace take, kuma idan ba a sassaƙe ta daidai ba gefe ɗaya kawai zai taɓa, ƙusa ta ja katakon ta tsaga shi. A kowace kusurwar ƙasa muka yanke gurbi mai kusurwa uku na santimita 2.5 don ruwa ya riƙa gangarawa baya, har a tsofaffin haƙarƙari 7 da ba mu canza ba. Duk fuskar da za ta ɓuya bayan an haɗa sai an shafa mata fenti sau biyu tukuna, saboda burushi ba zai sake ganin ta ba.

Allon baya odum ne mai kaurin milimita 38, da gwiwa biyu a ciki masu riƙe shi da gefe. Tsayinsa a tsakiya santimita 38 muka bari, daidai da injin rataye mai gajeriyar ƙafa, wanda mukan aro wani lokaci. A can ƙasansa aka huda ramin milimita 25 mai toshiya don zubar da ruwa. Bakunan katakon, inda itace ke tsotsar ruwa kamar lagwani, an shayar da su gam ɗin efoksi marar kauri sau uku, kuma bayan la'asar muka yi wannan. Idan aka shafa da safe katako yana ɗaukar zafi, iskar cikinsa takan fito ta bar ƙananan ƙofofi a jikin gam.

Daga nan aka kifa jirgin, aka sake duba igiya da awon kusurwa, aka shiga aikin da ya fi kowane cin lokaci. Katakon da muka samu bai wuce ƙafa 14 ba, gefen jirgi kuwa ya haura ƙafa 18, don haka sai an haɗa biyu. Haɗin baki da baki ba ya lanƙwasa tare da jirgi. Abin da ake yi shi ne a fiƙe ƙarshen kowanne a kwance kamar bakin alƙalami, tsawon fiƙar ya ninka kaurin katako sau 8 aƙalla, wato santimita 20 ga katako mai milimita 25. Ana ɗora ɗaya kan ɗaya, na sama a ja shi baya da santimita 20, a matse su a kan benci, a bi su da filen tare har gangaren ya zama ɗaya. A ɗora gefen rula a duba. Idan haske ya ratsa, da saura. Odum yakan zo da wani abu kamar dutse a cikinsa da ke dakushe ruwan filen nan take, saboda haka dutsen wasa ya zauna kusa. Ƙurarsa kuma tana sa atishawa da ƙaiƙayi, har da sarƙewar numfashi ga wasu, takunkumi wajibi ne.

Gam ɗin efoksi ne mai ruwa biyu, namu awo biyu na gam ga awo ɗaya na madaskari. Kowane kamfani da nasa ƙiyasi, a bi abin da ke jikin gwangwani, kuma ƙara madaskari ba ya sa shi saurin kamawa, lalata shi yake yi. Kuskurenmu na farko shi ne dama rabin lita a kofi ɗaya. A zafin Akra, sama da digiri 30, kafin a gama shafa fuska ɗaya kofin ya ɗau zafi, ya fara hayaƙi, ya narke a ƙasa. Efoksi da kansa yake haifar da zafi idan yana kamawa, kuma yawansa a wuri mai zurfi yana ƙara masa gudu. Daga ranar ba mu ƙara dama fiye da mililita 150 ba, a juye shi a faffaɗan faranti, a yi aiki da shi cikin minti 15. Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Haɗin farko mun matse shi da kilam, wato ƙarfen matse katako, iya ƙarfi, yadda kafintan kujera ya saba da farin gam. Bayan mako guda muka gwada karya ragowar da aka yanke daga gefensa, sai ya rabu tas a kan layin haɗi, fuskokin a bushe. Matsi ya kore gam ɗin, ɗan abin da ya rage kuma bakin itace ya shanye. Yadda ya kamata a yi shi ne a karce fuskokin da samfefa mai lamba 80, a goge da asiton saboda maiƙon odum, a fara shafa gam tsura a bar shi minti biyar ya shiga, a ƙara inda ya bushe, sannan a shafa wanda aka kaurara da lallausan garin katako har ya yi kamar tunkuza mai laushi. A buga 'yar siririyar ƙusa don kada su zame, a sa leda tsakanin haɗin da katakon matsi, a matse kawai har gam ya ɗan ɓullo a kewaye. Haɗi na biyu da muka gwada, itacen ne ya yage, layin gam bai motsa ba. Wajen ɗorawa a jirgi, siririn bakin haɗin da ke waje ya kalli baya, don kada abin da jirgi ya goga ya ɗaga shi, kuma haɗin katako biyu da ke maƙwabtaka su yi nisan haƙarƙari uku aƙalla.

Siffar sabon katako daga gurbin ake ɗaukar ta. Ana kafa siririn filawud a tsakiyar gurbin, a auna daga gare shi zuwa gefen sama da na ƙasa a kan kowane haƙarƙari, a rubuta, a kwashe awon zuwa kan katako, a haɗa ɗigon da doguwar sanda mai lanƙwasa. A yanka da rarar milimita 2, filen ya ƙarasa. Gefen katako kuma ba a bar shi a miƙe: daga ciki ya haɗu da ɗan'uwansa ba rata, daga waje kuma a zaftare kashi biyu cikin uku na kaurin yadda bakin zai buɗe da kamar milimita 2. Wannan buɗewar ita ce gidan audugar da ake cusawa tsakanin katako don hana yoyo. Idan ta buɗe har ciki audugar za ta zarce, idan babu ita kuma ba inda za a cusa.

Ƙusa mun yi amfani da ta inci biyu da rabi wadda aka tsoma a narkakken zinki. Ana gane ta da kaushi da launin toka marar sheƙi. Mai sheƙi santsi-santsi rufinta siriri ne, damina ɗaya ta ishe ta. Sitenles ma ba mu sa shi a ƙasan ruwa ba, saboda idan ya nutse a jiƙaƙƙen katako inda babu iska yakan cinye daga ciki, kuma ba a gauraya ƙarfe iri biyu a wuri ɗaya mai danshi. Kowace ƙusa sai an huda mata hanya: milimita 3.5 a katako, daidai kaurinta, milimita 2.5 a haƙarƙari, nesa da gefe da santimita 2.5. Odum ba ya yafe ƙusar da aka buga ba huda. Ƙusa uku ga katako mai faɗin santimita 20 a kan kowane haƙarƙari. Mutum ɗaya yana kwance a ƙarƙashin kifaffen jirgin ya tokare haƙarƙarin da babbar guduma, na sama yana bugawa, idan ba haka ba bugun yana girgiza sauran ƙusoshin su saki. A nutsar da kan ƙusa milimita 3, a cike da foti. Mun kuma bi duk tsofaffin katakon ƙasa mun ƙara sabuwar ƙusa kusa da kowace tsohuwa.

Audugar cusawa ta jirgi ba mu same ta ba, sai muka warware zaren mofa na auduga zalla. Gwajinsa da ashana ne: auduga takan ci wuta ta zama toka da ƙamshin ƙonanniyar takarda, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule, kuma shi ba ya kumbura da ruwa, ba shi da amfani a nan. Maƙeri ya dakushe mana bakin cizal zuwa kaurin milimita 2. Ana fara shafa fenti a cikin tsagar, a cusa zaren lauje-lauje, inda ta yi faɗi a tara da yawa, inda ta tsuke a miƙar da shi, sannan a dawo a bi da gudumar katako har ya nutse ya bar zurfin milimita 5 zuwa 6. Wurin da masu ƙarfi ke ɓata aiki ke nan. Katakon ya sha hunturu ya tsuke, yana shiga ruwa zai kumbura. Idan aka cusa auduga kamar ana toshe bututu, kumburin ba shi da wurin zuwa sai ya ture ƙusa ko ya karya haƙarƙari. Baba yakan tsaya nesa yana saurare, da ya ji ƙarar guduma ta fara kaifi sai ya ce, "Ya isa, ɗana, bar wa ruwa nasa rabon." Tsofaffin tsagu biyu da suka buɗe fiye da milimita 6 ba mu cika su da auduga ba, siririn katako muka liƙa a gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen aka bar shi ya yi motsinsa. A kan audugar aka sake shafa fenti, sannan kwaltar rufin ɗaki mai laushi a ƙasan layin ruwa, a sama kuma fotin gilashi da aka murza da fentin mai. Farin soson kwalin kaya da ake narkarwa a fetur, wanda ake gani a bakin ruwa ana toshe yoyo da shi, yana fitar da mutum kunyar rana ɗaya, amma yakan ƙandare ya ɓalle da katako ya motsa, ga haɗarin gobara. Ba mu yarda da shi a jirgin da zai ɗauki yara ba.

Fenti bai ba mu wahala ba. Tsohon jan fentin da ke jiki da ruwa muka goge shi, don irin waɗannan sukan ƙunshi dalma kuma ƙurarsu guba ce. Shafin farko an sirka shi da tina kashi ɗaya cikin goma don ya shiga, sai shafi biyu na fentin mai ciki da waje, kwana ɗaya aƙalla tsakani, bayan raɓa ta bushe. Ƙasan ya sha fentin kwalta sau uku. Kwalta tana ɓullowa ta cikin fentin mai ta ɓata launi, saboda haka a fara gama na sama, a ja layi, sannan a yi na ƙasa.

Ranar da muka saka shi a Densu, a wuri marar zurfi, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta kusan kowace tsaga, muna kwashe bokiti 6 a awa ɗaya. Wannan ba abin tsoro ba ne, kuma babban kuskure ne a fito da jirgi a ƙara masa auduga a ranar. Washegari ya koma bokiti 2, a kwana na uku bai cika bokiti ɗaya ba daga safe zuwa yamma. Wuri ɗaya ne ya ƙi tsayawa, a gindin allon baya, muka zagaye shi da alli, aka ƙara masa zare ɗaya. Gwajin kaya da jarkoki masu ruwan ɗorawa da ake kira galan Kufuor muka yi shi: guda 18 masu lita 25, kilo 450 ke nan, kimanin manya shida. Jirgin ya nutse da santimita 9, kusan santimita ɗaya ga kowane kilo 50, muka ja jan layi a jikinsa a daidai nan, aka rubuta adadin mutane a allon baya. Sabon odum na gefen hagu ya fi wawan dama nauyi da kusan kilo 7, jirgin yana ɗan kwantawa hagu idan ba kowa a ciki. Katakon dama na can ƙasa shi ne aikin rani mai zuwa. A ƙarƙashin kowane benci an ɗaure jarkoki biyu marasa komai, murfinsu a rufe gam, don ko ya cika da ruwa kada ya nutse, rigunan ruwa kuma suna rataye a rumfa ɗaya da filafilai.

Ajiya ita ce ta fi jawo muhawara a tsakaninmu, saboda buƙatu biyu ne ke karo. Jirgin da aka bari a bushe ba ya ruɓa, amma tsagunsa na buɗewa, ambaliya kuma ba ta ba da kwana uku a jira katako ya kumbura. Abin da muka tsayar shi ne daga Disamba zuwa Afrilu yana kan bulo, santimita 40 daga ƙasa saboda gara, hancinsa a ɗage, toshiyar baya a cire, tamfol a kafe bisa sanda kamar tanti da bakunansa biyu a buɗe don iska ta ratsa. Daga farkon Mayu, kafin ruwan Yuni ya kankama, yana komawa ruwa, can sama inda gishiri ba ya kaiwa saboda tsutsa, ya zauna har ƙaramar daminar Satumba zuwa Nuwamba ta wuce. A duk tsawon wannan lokaci akwai jadawali a bangon rumfa, mutum biyu kowane mako. Duk ranar da aka yi ruwan sama sai sun je sun kwashe na cikin jirgin har da soso, su zura waya a kowane gurbin haƙarƙari su fitar da ganye da lakar da suka toshe shi, su kuma soka sukundireba a kusurwoyin baya biyu kafin su sa hannu a takarda.